Ranar da Ba a Buɗe Littafi

Ran nan da la'asar muna ɗakin karatu, sai muka ci karo da hoton wata mace mai hannu huɗu cikin wani littafin labarin ƙasa. Muka yi ta dariya. Da muka karanta bayaninta sai dariya ta ragu, har muka ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labari.

Sunanta Saraswati. Masu bin addinin Hindu a ƙasar Indiya sun ɗauke ta abar bautarsu ta wajen ilmi da kiɗa da fasahar magana. Asali sunan wani kogi ne da aka ambata cikin Rigbeda, mafi tsufan littattafansu. Su kan zana ta da fararen tufafi, hannu ɗaya riƙe da littafi, ɗaya da carbi, sauran biyun suna kaɗa wani dogon molo da su ke kira vina. Hoton da muka gani aikin Raja Ravi Varma ne, wanda ya rasu cikin 1906. A waɗansu zane-zanen akwai farin tsuntsu mai kama da dinya kusa da ita, wai in an gauraya madara da ruwa ya kan shanye madarar ya bar ruwan. Ina ma malami ya sami wannan baiwa ran duba takardun jarrabawa!

Mu dai ba mu bauta wa sura, wannan ba abin gardama ba ne. Abin da ya tsaya mana a rai bikinta ne, Basant Panchami, cikin Janairu ko Fabrairu. A Bengal 'yan makaranta kan tara littattafai da alƙaluma gaban surarta, ran nan ba mai buɗe littafi. Ran nan ne kuma a kan kama hannun ƙaramin yaro ya rubuta harafinsa na fari da alli. In kuwa ƙafar mutum ta taɓa littafi bisa kuskure, sai ya shafe shi ya kai hannu goshi, watau neman gafara.

Nan fa kunya ta kama mu. A makarantar allo an hore mu kada mu tsallake allo, kada mu bar rubutacciyar takarda a ƙasa. To, littafin lissafi fa? Mu da za a ba amanar yara, ga shi da shi muka tokare ƙofa! Wani cikinmu ya ce ai boko ba shi da wannan alfarma. Muka yi ta ja-in-ja har aka buga ƙararrawa, ba mu daidaita ba. Da za mu fita dai, shi ne ya sunkuya ya ɗauke littafin daga bakin ƙofa, ya sa dutse.