Jif ɗin da ta fito daga ƙasar ƙanƙara

Duk wanda iyalinsa ke Minna, aikinsa kuma ke Suleja ko Abuja, ya san hanya ce ke zaɓa masa irin motar da zai hau. Daga gadar Chanchaga a bi ta Paiko, Kwakuti, Lambata har Dikko, tafiyar kusan kilomita 100 ce, amma an shekara da shekaru ana faci ana faɗaɗawa, tankokin mai da tireloli na murƙushe abin da aka gyara. Da damina ruwa kan cika ramuka, ba ka sanin zurfinsu sai ka ji cikin motarka ya daki dutse. Ƙaramar motata ta sha wannan duka har salansarta ta saba da mai walda. Ga yara sun ƙaru, ga zuwa Kontagora gaida mahaifiya. A farkon 2023, cikin hunturu, na yanke shawarar sayen jif mai tsayi daga ƙasa, wadda za ta ɗebe mu duka.

Har nan ban yi kuskure ba. Na ma je wajen yayana neman shawara, shi da ya daɗe yana tuƙi a hanyar Bida. Abu ɗaya ya nanata mini: "Kada ka ba da ko kwabo sai bakanikenka ya hau da ita kan rami ya leƙa cikinta." Na ce, "To, Yaya, in sha Allahu."

Wani abokina ya haɗa ni da dillali, mutum mai fara'a, muna ma haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya kai ni wajen wata tokumbo baƙa, fentinta na sheƙi, kujerun fata, sahu uku. Aka tayar da injin, shiru kamar ba a kunna ba. Takardun kwastam cikakku. Sai ya dafa bodin ya ce, "Alhaji, daga Kanada ta zo. Motar da ta yi shekaru tana keta dusar ƙanƙara, taɓon Lambata ne zai gagare ta?"

Wannan magana ita ta saye ni. Na ji ta dace da hankali ƙwarai, har na riƙa maimaita ta a gida kamar ni na ƙirƙiro ta. Na tuna da batun rami, na kuma ture shi gefe da dalilai uku da a lokacin na ɗauka masu ƙarfi ne. Magariba ta kawo jiki. Dillali ya ce akwai wani da zai zo da kuɗi gobe da safe. Na ukun shi ne ainihin dalilin: na ji nauyin in ce zan kira bakanike, kada mutumin da muke sahu ɗaya da shi ya ga kamar ina tuhumarsa. Na dai durƙusa na haska fitilar waya a ƙarƙashi, na ga baƙi wuluk, tsaf-tsaf. Na biya.

Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, na fara jin nauyin babban injin a aljihu. Wannan na haƙura da shi, don kowa ya taɓa.

A watan Agusta muna dawowa daga Suleja da uwargida da yara, ana yayyafi. Mun wuce Lambata, wata tirela a gabana ta rage gudu saboda rami. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Na sake takawa, haka. Allah ya sa ba gudu nake ba. Na sauko da giya, na riƙa jan birkin hannu a hankali, na gangara gefen hanya har muka tsaya cikin ciyawa. Uwargida salati kawai take yi. Yaran da ke kujerar baya ba su ma san abin da ya faru ba.

Washegari aka jawo motar zuwa garejin bakanikena, aka ɗora ta kan ramin da ya kamata ta hau tun ranar farko. Ya shiga da fitila, ya jima, sannan ya ce, "Oga, sauko ka gani da idonka." Na sauka. Ya sa sukuddireba ya kankare baƙin nan da na gani na ji daɗi, sai ga shi fenti ne aka fesa mai kauri. Ƙarƙashinsa ja ne, yana ɓarewa fallen-fallen. Ya danna ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, bakin sukuddireban ya shige ciki. Ya nuna mini bututun man birki inda tsatsa ta cinye shi har ya fashe. Ya tambaye ni daga ina motar ta fito. Da bakina na ce Kanada, kuma ina faɗa ina jin wani abu na tsinkewa a ƙirjina, don ranar ce karon farko da na faɗi sunan ba da alfahari ba.

Ya ce, "Ai gishiri ne." A Ontario da Quebec, da jihohin arewacin Amurka irin su Michigan, Ohio da New York, gishiri ake watsawa a kan titi da sanyi don ƙanƙara ta narke. Tayoyi su riƙa feshin ruwan gishirin nan a cikin mota wata da watanni, kowace shekara. Sama na nan garau, ƙasa na ruɓewa. Abin da na riƙa a matsayin shaidar ƙarfinta, shi ne ainihin ciwonta.

Na tsaya cikin ramin nan ina kallon ƙarfen da na ɗora 'ya'yana a kansa. Ba rashin sani ya kai ni ba, don an gaya mini abin da zan yi, a fili, kuma kuɗin bakanike bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana nan a gindin gilashin gaba, da ita ake bincika tarihin mota a intanet a ga garuruwan da ta zauna. Ban duba ba. Na fifita kada ran dillali ya ɓaci a kan lafiyar mutanen da ke cikin motar, kuma na san da yawa cikinmu haka muke ciniki da wanda muka sani.

Da na koma wa dillalin, ya rantse shi ma haka ya karɓo ta, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ya ce in canza bututu, a sake fesa fenti, zai samo mini mai saye cikin mako guda, asarata kaɗan ce. Na ce masa a'a. Wanda zai saya, shi ma iyali zai ɗauka ya bi ta Lambata. Masu sayar da safaya na kira, suka sauka ramin suka gani, suka taya injin da giya da kujeru a kan abin da bai kai rabin kuɗina ba, na sallama. Yanzu motar haya nake shiga daga tasha duk Litinin, ina tara kuɗin wata motar, kuma na riga na gaya wa bakanikena cewa tare za mu je.