Iyakar da na ja wa 'yan kokawa

Kundin da na rubuta na kammala digirin tarihi a kan wasanni ne a ƙasar Bagudo, kuma kurakurai biyu na tafka a cikinsa. Na farko, na soma labarin daga zuwan Turawa: ƙwallon ƙafa, da guje-gujen da ake shirya wa 'yan makaranta ranar 24 ga Mayu don bikin daular Ingila. Kokawa kuwa na cusa ta a ƙarshen babi. Hujjata ita ce fayilolin Di'o da na karanta a Kaduna. Cike suke da haraji da jangali, amma ban ga inda aka rubuta wanda ya kayar da wani a dandalin Illo bayan kaka ba. 'Yan kokawa manoma ne da masunta, 'ya'yan talakawa, alƙalamin Bature bai damu da su ba. Ni ma sai na bi sahunsa.

Na biyun ya fi ciwo. 'Yan kokawar Madekali da Malanbil na kira su "baƙi daga Benin". Alhali na san asalin iyakar. A 1894 Lugga ya yi tsere da sojojin Faransa zuwa Nikki, sannan ranar 14 ga Yuni 1898 aka zauna a Paris aka raba ƙasar Borgu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dandawa da Kyangawa ba a tambaye su ba, kuma ba su fasa auratayya da cin kasuwar juna ba.

Da wani kwamitin gasa a wani ƙauye kusa da Lolo ya so hana wani saurayi daga ƙetare shiga fili, da rubutuna aka kafa hujja: ai ga mai digiri ya ce baƙi ne. Aka hana shi. Wani dattijo, tsohon ɗan kokawa, ya same ni ya ce, "Malam, kakan yaron nan a wannan dandali ya yi suna, har yau makaɗanmu na da kirarinsa. Yaushe ya zama baƙo?" Na ce, "Baba, na yi kuskure." Ba ni da wata amsa.

Na karanta gargaɗin marigayi Yusufu Bala Usman kan ɗaukar rabe-raben Turawa tamkar haka Allah ya halicce mu, na ci jarrabawa da shi, amma ban yi aiki da shi ba. Nijar tun 1975 ta mayar da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, ni kuma ina nan ina ware ta daga sahun wasanni.

Na koma wajen makaɗa ina ɗaukar kirari da sunaye daga ɓangarorin iyaka biyu, na sake babin daga tushe. Na kuma haye Madekali na nemi gafarar saurayin a gaban mahaifinsa. Ya yafe, amma gasar shekarar ta riga ta wuce shi.