Kwalin Maganin Goggo

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zuwa Yola, wataƙila ka ji sunan unguwarmu, Wuro Hausa. "Wuro" kalmar Fulatanci ce, ma'anarta gari ko unguwa. A nan aka haife ni, cikin tsohon garin da Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841. Zan ba ka labarin wani kuskure da na yi a gidanmu, domin mai yiwuwa a gidanku ma akwai dattijon da ke miƙo maka kwalin magani yana cewa, "Karanta mini."

Goggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami. Sana'arta sayar da ƙosai da kunun gyaɗa a ƙofar gida. Ina aji uku na sakandare zazzaɓi ya kama ta, na raka ta wani asibiti a Jimeta. Kafin ta ga likita, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a damtse, ya nuna 170 bisa 100. Bayan mako guda aka sake awo, bai sauka ba. Likita ya ce awon lafiyayyen mutum yana kusa da 120 bisa 80, in kuwa ya kai 140 bisa 90 ya zauna a nan, to, akwai hawan jini. Ya kwatanta mata shi da kogin Binuwai a tsakiyar damina: ruwa yana dukan gaɓa dare da rana, yana cin ta kaɗan-kaɗan, har ranar da za ta zube. Haka jini ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda.

Aka rubuta mata magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Sunan da ke jikin kwalin shi ne amlodipine. Goggo tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta yi boko ba, don haka kula da kwalin ya zama aikina.

Wata biyu ana tafiya daidai. Daga nan idon sawunta ya fara kumbura, har takalmi ya riƙa matse ta. Wata rana ta ce mini, "Ɗana, maganin nan ya ishe ni. Ba na jin ciwon komai, ga shi kuma yana kumbura mini ƙafa." Ta daina sha. Sauran ƙwayoyin ta ba maƙwabciyarmu da ke kukan ciwon kai. Ta sayi jiƙo a kwalba wurin wani mai talla da lasifika, wanda ya rantse cewa zai raba ta da hawan jini cikin kwana bakwai. Saboda ciwon gwiwa kuma, kullum sai ta aike ni kantin magani in sayo mata ƙwayar kashe zafi.

Duk wannan a kan idona aka yi shi. Na tuna likita ya ce kada ta daina, amma na yi shiru. A gidajenmu yaro ba ya gyara wa wanda ya raine shi magana, kunya ta rufe mini baki.

Wata asuba cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke wuce maki 40 a ma'auni, Goggo tana zuba ƙosai a mai sai ludayi ya suɓuce daga hannunta. Bakinta ya karkace, maganarta ta sarƙe. Wasu maƙwabta suka ce iska ce ta shafe ta, a kawo hayaƙi. Mahaifina bai saurare su ba, ya tare Keke Napep muka tafi asibiti. Awo ya haura 200. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta kwana goma sha biyu a gadon asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta, amma hannunta na hagu bai koma yadda yake ba, kaskon ƙosai kuma ya tafi ke nan.

A rana ta uku likita ya tambaya, "Wa ke kula da maganinta?" Na ce, "Ni ne, likita." Na zaci faɗa zai yi mini. Sai ya zaunar da ni, ya yi mini bayanin da nake so kai ma ka riƙe.

Ya ce maganin hawan jini ba ya warkar da cutar, riƙe ta yake yi, kamar yadda linzami ke riƙe doki. In aka daina sha, awo yakan koma sama cikin 'yan kwanaki, mutum kuwa ba ya jin komai a jikinsa. Shi ya sa ake cewa cutar tana kisan mummuƙe. Jin sauƙi alama ce ta cewa magani yana aiki, saboda haka a ci gaba da sha.

Kumburin ƙafa kuwa sananne ne ga wasu masu shan amlodipine. Da mun koma, da ya rage mata shi ko ya canja wani. Kowane magani da halinsa: lisinopril yakan sa wasu busasshen tari, kuma haɗari ne ga mace mai ciki, wani yana sa yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe, wani yakan kawo jiri in aka miƙe tsaye da sauri, musamman lokacin zafi. Likita yana duba shekarun mutum da lafiyar ƙodarsa da sauran magungunan da yake sha kafin ya zaɓa masa. Don haka ba a aron wannan magani, ba a kyautarsa. Abin da ya dace da Goggo yana iya cutar da maƙwabciyarmu, wadda ko awo ba a yi mata ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar kashe zafin da nake sayowa da hannuna. Irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda in an daɗe ana sha. Jiƙon kwalba kuwa, babu wanda ya san abin da ke cikinsa.

Ya ƙara da wasu ƙa'idoji. A sha magani a lokaci guda kowace rana. In an manta har lokacin na gaba ya kusa, kada a haɗa biyu. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da magani zai lalace, a ajiye shi inda rana da yara ba sa kaiwa. Kafin azumin Ramadan a tambayi likita ko a mayar da shan maganin lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. A rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin abin da za a rage.

Da muka dawo gida na sayi littafi mai ƙwarya ashirin. Duk awon da aka yi wa Goggo ina rubuta shi da kwanan wata, in za mu asibiti mu tafi da shi tare da kwalayen magani. Na kuma gane cewa akwai hanyar gaya wa babba gaskiya cikin ladabi. Da na durƙusa a gabanta tun ranar farko na ce, "Goggo, don Allah mu koma mu nuna wa likita ƙafar nan," da ta bi ni, domin ba ta taɓa ƙin roƙona ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Kai da ka iya karatu, amanar kwalin nan a hannunka take. In ka ga dattijon gidanku ya ajiye maganinsa, yi magana tun a ranar, ko ka gaya wa wanda yake jin maganarsa. In kuwa ka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ka jira gari ya waye: a kai shi asibiti nan take.