Kiɗan Mariyo da Masu Juya Shi

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Yelwan Yawuri ko Shanga ko Wara bayan an ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, da wuya a ce bai san gidan gem ba. Ɗan ɗaki ne a bakin kasuwa ko kusa da tasha, da talbijin ɗaya ko biyu, da benci, da janareto yana ruri a baya. Mai kuɗi shi ke zama ya riƙe madanni, marasa kuɗi irinmu kuwa sai tsayuwar taga. Mai wasa hankalinsa yana kan ɗan mutumin nan mai gashin baki da jar hula da ke tsallake ramuka, mu 'yan taga abin da ke iso mana sosai shi ne kiɗan. Shi ya sa muka fi masu kuɗin haddace shi. Da shi muke fito idan an aike mu ɗebo ruwa, har iyayenmu mata suka riƙa tsawata mana, wai fito da magariba kiran aljanu ne.

Sai da muka girma muka san cewa kiɗan nan yana da mai shi. Sunansa Koji Kondo, ma'aikacin kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a ƙasar Japan, ya kuma tsara shi ne domin wasan Super Mario Bros. da ya fito a 1985. Na'urar da ya yi wa kiɗan muryoyi biyar kawai take iya fitarwa, uku daga ciki ne ke ɗaukar karin waƙa, ɗaya kuwa shuu ce kurum da ake yanka ta gunduwa-gunduwa ta zama kamar ganga. Ga shi kuma dole kiɗan ya yi ta zagayowa muddin yaro yana wasa, ba tare da ya gundure shi ba. Wanda ya taɓa sauraron abin da Ɗanmaraya Jos yake fitarwa daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi zai gane irin wannan gwaninta. Ƙarancin kayan aiki ne ya tilasta wa mutumin ya sa ƙarfinsa duka a cikin karin, shi ya sa karin ke shiga kai ya ƙi fita.

Yaran da suka ji wannan kiɗa a Amurka da Turai da Japan su ma sun girma da shi a kai kamar mu, sai dai wasunsu sun koyi kiɗa. Suka shiga ɗaukar waɗannan tsofaffin karuruwa suna sake musu sutura, wannan ya kaɗa da jita, wancan da fiyano, wani ya rage masa sauri har ya koma kamar waƙar ta'aziyya. A 1999 wani Ba'amurke mai suna David Lloyd ya buɗe musu matattara a intanet, ya sa mata suna OverClocked ReMix, inda ake ajiye irin wannan juyi kyauta ga duk mai so. Dubbai ne a can. Har ta kai a 2008 kamfanin Capcom ya karɓi aikin waɗannan masu sha'awa ya sa shi cikin sabon fitowar wasansa na Street Fighter II.

Daga can muke saukewa. Wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ba zai san abin da ake nufi da sauke waƙa a bakin tafkin Kainji ba. A wasu tungaye sai ka hau tudu, ko ka jira tsakar dare lokacin da layi ya yi sauƙi, ka zuba wa waya ido tana ja kamar mai jan taru, ta kai kusan ƙarshe ta katse, ka sake daga farko. In ɗayanmu ya samu, sauran sun samu, domin kafin la'asar ta bi Bluetooth ko Xender ta zaga majalisa. Daɗin abin kuwa yana cikin ganewa. Kiɗa ya fara, baƙo ne sarai, kana saurare kana yamutsa fuska, can sai wani ɗan lanƙwasa ya wuce, gabanka ya faɗi, ka ce ai wane ne! Kamar ka haɗu da abokin makarantar allo a jirgin kasuwa, ya yi gemu ya yi tumbi, amma dariyarsa tana nan.

Mai karatu zai ce, to me ya kawo zancen wasan yara cikin mujallar marubuta? Abin da ya kawo shi wata ƙa'ida ce ta waccan matattara. Ba kowane aiki suke karɓa ba. Suna da alƙalai da ke sauraron abin da aka aiko, kuma idan mutum ya ɗauko kiɗan asali ya ɗora masa ganga kawai, sai su mayar masa da kayansa, su ce bai sa hannunsa ba. Idan kuma ya yi nisa har ba a iya jin asalin, nan ma ba su karɓa. Wanda ya tsallake kuwa, tilas a rubuta sunan wasan, da sunan wanda ya tsara kiɗan tun farko, sa'an nan sunan mai juyi.

'Yan'uwa, wannan ita ce rigimar da aka sha yi da marubutanmu tun wajen 1991, har aka laƙaba wa littattafan soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano, ana cewa finafinan Indiya kurum ake kwafewa. An yi ta musu a jaridu, masu suka na suka, masu karewa na karewa. A ganinmu ɓangarorin biyu sun tsaya a kan ko an ara ko ba a ara ba, alhali aro bai taɓa zama abin kunya a adabinmu ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus ya gina Magana Jari Ce a Zariya, amma wa zai karanta ya ce ba a ƙasar Hausa labaran suka faru ba? Mawaƙan bandiri na Kano irin su Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka mayar da su begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Shi kansa kiɗan wasan Tetris da ya zaga duniya da na'urar Game Boy a 1989 juyi ne, domin asalinsa waƙar gargajiya ce ta Rasha a kan 'yan koli, wadda baitocinta suka fito daga alƙalamin Nikolai Nekrasov a 1861. Tambayar da ta kamata a yi wa littafi ita ce wadda alƙalan can suke yi wa kiɗa: ina hannunka a ciki? Littafin da aka canja sunan Raju zuwa Rabi'u aka bar sauran yadda yake, har da gudu a cikin furanni, wannan ɗora ganga ne kurum, kuma da muna da alƙalai da sun mayar wa mai shi.

Ɓangaren suna kuwa ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Je ka wurin masu tura waƙa a waya a kowace kasuwa ta yankin nan, a cika maka memori. Rabin abin da za ka samu ba shi da suna sai lamba, wani kuma an goge sunan mawaƙin an sa na shagon. Haka kiɗan Kondo ya zo mana, shekara da shekaru muna fito da shi ba mu san akwai wani mutum da ya zauna ya yi gumi a kansa ba. Haka kuma ake yi wa littattafanmu yau, a karanta a ɗauka a murya, ko a kwafe a watsa a WhatsApp, sunan marubuciya ya faɗi a hanya. Mu da muke kuka da wannan, in mun ari labari daga wani wuri, layi ɗaya a shafin godiya ba zai rage mana komai ba.

Akwai abin da ke sa mu kishi idan muna sauraron waɗannan juye-juye. Kiɗan da bai wuce 'yan mintoci ba, na wasan yara, ya sami ɗaruruwan masu renonsa a ƙasashe daban-daban. Mu kuwa a nan, da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci gungu da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane, Gungawa da Kambari da sauransu, aka kai su sababbin matsugunai. Sun taho da kiɗansu da waƙoƙinsu a ka. Amma jikokinsu da yawa Hausa suke yi, kuma Shanganci, wanda sunan ƙaramar hukumarmu ya fito daga masu shi, masu jin sa sai raguwa suke. Kiɗan da ake yi wa matuƙa jirgi a bikin Rigata na Yawuri yana da karin da zai iya ɗaukar kowace irin sutura, ga kuma wayar da muke sauke na Japan da ita tana iya ɗaukar murya.

Mun kai wannan magana wurin wani yaro da ke haɗa kiɗan biki da tsohuwar kwamfuta a Yelwa. Muka kunna masa juyin Mariyo guda biyu, sa'an nan muka kunna masa kiɗan matuƙa da ɗayanmu ya ɗauka a bakin ruwa. Na Mariyo ya yi dariya ya ce wannan aikin yini ɗaya ne. Na matuƙan kuwa ya sa aka maimaita masa sau uku, yana buga yatsa a kan tebur, ya ce gangar ba ta zama daidai a kan ma'aunin na'urarsa, tana gaba tana baya kamar yadda filafili ke shiga ruwa, in ya daidaita ta kuma ya kashe ta. Ya ce mu bar masa, amma sai mun samo masa sunan tsohon da ke bugawa da tungar da yake, domin yana so ya je ya ga hannunsa da idonsa.