Mutum biyu, keke biyu, babu madugu

Tsakanin garin Passau na ƙasar Jamus da Biyana, babban birnin Ostiriya, akwai hanyar keke da ta bi gaɓar Kogin Danube, tsawonta ya haura kilomita 300. Da zarar sanyin Turai ya ja da baya, sai ka ga mutane bibbiyu a kanta: miji da mata, aboki da aboki, uba da ɗansa. Yawanci mako guda suke yi, suna cin kilomita 40 zuwa 60 a yini. Kamfanin da suka biya shi ke kama musu masauki, ya ba su taswira, ya riƙa kai jakunkunansu gaba da mota. Abin da ba ya ba su shi ne jagora. A ganina, bayan shekarun da Allah ya ara mini ina kallon zaman mutane, wannan rashin jagoran shi ne mafi daraja a cikin abin da suka saya.

Dalilina shi ne, zaman gida yana ɓoye hali. Mutum biyu kan shekara talatin tare ba su taɓa yanke shawara a kan abu guda a lokaci guda ba, domin kowa da ɓangarensa, kowa da hidimarsa. Shi ya sa aka ruwaito cewa da wani ya zo yabon wani a gaban Sayyidina Umar, cikin abin da ya tambaye shi har da ko sun taɓa yin tafiya tare. A kan keke babu maɓoya. Ɗaya ya fi ɗaya ƙarfin ƙafa, wannan ba makawa, kuma tun kafin azahar ɗin ranar farko za a san ko mai ƙarfin zai rage gudu ba tare da gori ba, ko mai raunin zai iya cewa ya gaji ba tare da jin kunya ba. Taya za ta yi faci, ruwan sama zai sauko, a wuce mararraba a dawo. Idan da jagora, shi zai sha laifin duka, su kuwa su koma gida kamar yadda suka fito. Da yake babu shi, dole su koyi yadda ake yin kuskure tare ba a nemi mai laifi ba.

Za a ce kakanninmu ba su yi haka ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa motsawa sai da madugu, kuma gaskiyarsu ce, domin hanyarsu cike take da 'yan fashi da koguna da sarakunan da ake biya kafin a wuce. Hanyar Danube ba haka take ba. Yawancinta tsohuwar turba ce da dawakai ke bi suna jan jiragen ruwa zuwa sama kafin zuwan inji, saboda haka shimfiɗaɗɗiya ce, kusan babu hawa, kuma mai tafiya daga Passau gangarar ruwa yake bi. Akwai alamomi a kan hanya, akwai ƙananan jiragen fito masu tsallakar da mutum da kekensa, kogin kuma yana gefenka yana nuna maka gabas. Inda hanya ta yi aminci haka, aikin madugu ya ragu zuwa gaya maka lokacin tashi da wurin tsayawa, waɗannan kuwa su ne ainihin abin da ya kamata abokan tafiya su sasanta da kansu.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta ilimi: jagora ya san tarihi, wanda ba shi da shi zai wuce abubuwa bai sani ba. Na yarda za a yi asarar wani abu. Amma a dubi Mauthausen, gabas kaɗan da birnin Linz. A kan tudun da ke saman garin ne 'yan Nazi suka kafa sansanin tsare mutane daga 1938 zuwa 1945, inda mutane aƙalla 90,000 suka mutu a cikinsa da rassansa. Hanyar keke tana ƙasa, sansanin yana sama, sai an ratse an yi hawa mai wuya. A ayarin da ke da jagora, jadawali ne ke cewa a je ko kada a je. Mutum biyu kuwa sai sun tsaya sun tambayi juna ko za su iya ganin wurin, kuma idan sun sauko, babu mai hanzarta su zuwa cin abinci. Wanda ya hau tudun nan da ƙafarsa domin shi da abokinsa sun zaɓi haka, abin da ya gani ba zai bar shi da wuri ba. Haka ma a kwarin Wachau, tsakanin Melk da Krems, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000: ɗaya na son shiga tsohon gidan ibadar Melk, ɗaya na son zama a gonakin inabi, yini kuma ɗaya ne.

Akwai kuma masu cewa wannan wahala ce ta masu kuɗi, tunda a wurinmu keke ya zama abin hawan wanda bai sami babur ba. Mu da muka ga zamanin da sabon Raleigh ke ɗaga darajar magidanci a gari mun san raina keke sabon abu ne. Su kuma masu ganin keke mai batir ha'inci ne, ban bi su ba ko kaɗan. Dattijon da gwiwarsa ta fara ciwo, ko matar da mijinta ya fi ta ƙarfi nesa, batirin nan ne ke ba su damar jerawa kafaɗa da kafaɗa suna hira, maimakon ɗaya ya yini yana kallon bayan ɗaya. Ranar da gajiya ta yi yawa kuma, akwai jirgin ƙasa da na ruwa a sassa da yawa na hanyar, suna ɗaukar keke. Sai dai ko nan ma sai ɗayansu ya buɗe baki ya ce yau ba zai iya ba, ɗayan kuma ya sauka daga kekensa ya bi shi tasha.