Tsakanin "Mu" Da "Ni"

Al'adarmu ce mu Hausawa, in mutum ya ɗauki alƙalami ko ya tsaya gaban manya, ya ce "mu" a inda zai ce "ni". Wannan ladabi ne, kuma mu ma da shi muke rubutu. Amma karatun wasu ƙagaggun labarai ya sa muka lura cewa "mu" iri biyu ne: akwai wanda mutum ya zaɓa don kunya, akwai kuma wanda aka ɗora masa da ƙarfin mulki.

Marubucin nan na Rasha, Yevgeny Zamyatin, ya rubuta wani littafi wajen 1921, ya sa masa suna da kalma ɗaya mai nufin "Mu". Mutanen cikinsa ba su da suna sai lamba, jarumin ma D-503 ake kiransa. Ba a yarda an buga littafin a Tarayyar Sobiyet ba sai a 1988. A 1949 kuma George Orwell na Ingila ya fito da littafinsa mai suna 1984, inda hukuma ke ta rage kalmomin ƙamus, domin wanda ya rasa kalmar 'yanci ya kasa ko tunaninsa. Tawayen farko na Winston Smith a labarin shi ne sayen littafin rubutu ya ɓuya yana zuba abin da ke ransa. Wato mai mulkin danniya ya fi tsoron alƙalamin mutum ɗaya a ɗaka bisa ga ihun taro a dandali, domin taro ana iya koya masa abin da zai faɗa.

Kada mai karatu ya ce wannan tatsuniyar Turawa ce. A Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa wani littafin Orwell a 1975, aladu ne ke sauya dokokin da aka rubuta a bango, dabbobin da ba su iya karatu ba kuwa sai su zargi ƙwaƙwalwarsu. A shekarar 1984 ɗin kanta, Doka ta 4 ta gwamnatin soja ta kai 'yan jarida biyu kurkuku a Nijeriya, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A 2007 kuma an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Ba muna cewa kowace magana ta dace a sake ta ba. Mu mazauna Minna mun san amfanin madatsar Tagwai: ana tare ruwa ne domin gari ya sha. Amma mai tare magana don kare kujerarsa ƙishirwa yake bar wa gari. Abin da ya fi ba mu tsoro ma shi ne takunkumin da ɗalibi kan sa wa kansa, ya goge jimlar da ya san gaskiya ce tun kafin wani ya gani, ya ari bakin jama'a ya ci albasa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da su riƙa rubuta abin da idonsu ya gani, da kalmomin da suka tsotsa a nono, su kuma sa sunansu a ƙasa. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya, ko da muryarmu tana rawa.