Yadda akwatin ɗaukar kaya ya zama ɗakin kwanana a Amurka

Tun da na saka hoton ɗakina shekaranjiya tambayoyi ke ta shigowa. Wasu sun ce kwantena ce, wani ma ya ce ko korata aka yi daga gidan haya 😅 Bari in amsa a wuri ɗaya. Zaren yana da tsawo, a yi haƙuri 👇

In na ce tirela, kada ranku ya tafi kan waɗanda ke ɗauko siminti daga Obajana. Wannan 'yar ƙarama ce, rufaffen akwati mai taya biyu, faɗi ƙafa 6, tsawo ƙafa 12, da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura. A nan kafintoci da masu yankan ciyawa ne ke zuba kayan aikinsu a ciki. Ba taga, ba wuta, ba komai.

Me ya kai ni? Aikina kafa farantan sola ne a manyan filaye tsakanin yammacin Texas da New Mexico. Wata uku nan, wata huɗu can. Masu gidan haya yawanci yarjejeniyar shekara suke so, sai dai ka zauna a otal. Da na yi lissafi, sai na ga abin da otal ke ci a wata ya fi abin da nake tura wa Hajiya da kuɗin makarantar ƙannena biyu a haɗe. Wallahi lissafin nan ya hana ni barci.

Akwai waɗanda kamfani ya ƙera don kwana, har da kicin da banɗaki, amma kuɗinsu ba na yaro ba ne. Sai na sayi wannan ta hannu wurin wani dattijo mai aikin fenti.

Masu kallon bidiyon irin wannan aiki a YouTube, labule da fitilu masu kyau suke gani. Kwalliya ita ce ta ƙarshe. An ƙera akwatin nan ne don kaya, su kuwa kaya ba sa numfashi, ba sa jin zafi, ba sa neman hanyar fita da tsakar dare. Duk aikin da na yi a kan waɗannan uku ya tsaya.

Ƙofa na fara taɓawa. Ƙofar gefe tana zuwa da dogon ƙarfe da ake garƙamawa ta waje a sa kwaɗo. Ta ciki babu ko mariƙi. Ma'ana kana barci wani ɗan iska zai iya zuwa ya kulle ka, kuma in wuta ta tashi shi ke nan. Na cire ƙarfen gaba ɗaya, na sa makulli mai buɗewa ta ciki, na kuma yanka taga mai faɗin da zan iya ficewa ta cikinta. Ban yarda na kwana a ciki ko sau ɗaya ba sai da na gama wannan.

Sai iska. Na yanka rami inci 14 da 14 a rufi, na dasa fankar Maxxair mai zuƙo iska waje. In taga na buɗe kaɗan, sabuwar iska na shiga ta nan, tsohuwa na fita ta sama. Ranar da zan ɗora zarto a kan rufin da ba ya yoyo, sai da hannuna ya yi rawa, ba wasa ba.

Dalilin fankar bai tsaya kan zafi ba. Numfashin mutum ɗauke yake da danshi. In dare ya yi sanyi, danshin nan ya taɓa ƙarfe, sai ya koma raɓa ya dinga ɗiga. Wata biyu ka ga katifa ta yi funfuna, katako ya fara ruɓewa ta ƙasa.

Shi ya sa na ɓamɓare filawud ɗin bango duka, na cusa allunan soso mai tauri masu kaurin inci ɗaya tsakanin ƙarafan, rufi da ƙasa ma haka, na liƙe duk wata kafa, sannan na mayar da filawud ɗin. Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ba ya fitowa a hoto. Amma a wurin da zafi ke haura digiri 40 da rani, da hunturu kuma ruwa ke daskarewa da dare, in babu shi to ka saya wa kanka tanda da firji ne kawai.

Maganar da nake so ku riƙe: ba na kunna gas in yi barci. Mu ai mun san labarin, iyali guda su kwanta da janareto a kusa ko gawayi a ɗaki, da safe a tarar da gawa. Iskar nan, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a ɗaki ƙarami irin wannan ba ta ɗaukar lokaci. Na sa na'urar da ke ihu in ta ji ta, da ta hayaƙi, da abin kashe gobara a bakin ƙofa. Girki a waje nake yi, sai in iska ta yi yawa in buɗe ƙofar baya.

Nauyi kuma wani karatu ne. A jikin tirelar akwai ɗan faranti da ya ce kada ta wuce fam 2,990, kusan kilo 1,350, har da nauyin kanta. Tawa babu komai a ciki ta doshi kilo 600. Katako, batir, katifa, tukwane, ruwa (lita ɗaya kilo ɗaya ce fa), kafin ka ankara ka cinye ragowar.

Inda ka ajiye nauyin ma magana ce. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya sauka a kan mahaɗin mota. In baya ya fi nauyi, da ka hau babban titi sai ta fara kaɗa wutsiya, tana iya kifar da motar da ke janta. Don haka batir da jarkokin ruwa suna gaba. Da na gama, na kai ta sikelin CAT na tashar manyan motoci na auna.

Wuta ita ce mafi sauƙi a wurina, tunda sana'ata ce 😎 Farantai biyu masu wat 100 a rufi, batir litiyam mai 100Ah, wato kusan awa-wat 1,280. Yana riƙe fanka, fitilu, cajin waya da ɗan ƙaramin firji. Irin wannan batir ba a cajinsa in sanyi ya sauka ƙasa da sifili, yana lalacewa, shi ya sa yake ciki tare da ni.

Gado a tsaye na yi shi, jikin bango, don faɗin ciki bai kai tsawona ba. Na bar fili daidai shimfiɗa sallaya. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, abin da ke ba baƙi mamaki, don haka in zan faka sai na duba waya na juya tirelar yadda sujada za ta yiwu. Buta na rataye bayan ƙofa, alwala a waje. Wanka kuwa a wurin motsa jiki da nake biya duk wata, ko a tashar manyan motoci.

Ina ake fakawa? A New Mexico akwai filayen gwamnatin tarayya na hukumar BLM, inda a yawancinsu za ka zauna kyauta har kwana 14 sannan ka matsa. Texas ba ta da irinsu sosai, kusan duk ƙasar ta masu ita ce, sai ka biya wurin faka irin waɗannan motocin. Wasu wuraren kuma in sun ga haɗin gida ne, babu tambarin RVIA, sai su ce ba wuri. Wata mata ta taɓa leƙo kai ta kalli tirelar, ta kalle ni, ta ce sun cika, alhali ga fili nan fetal.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya wa Hajiya. Na zagaya da ita ta bidiyo, ta yi shiru can ta ce, "Yanzu duk faɗin Amurka a akwati kake kwana?" Na ce Hajiya, akwatin ne ya biya kuɗin jarrabawar su auta. Ta ce to Allah ya tsare, amma kada in nuna wa ƙawayenta 😂

Kaɗaici ma akwai shi. Wani daren iska na jijjiga bango, babu mutum ko ɗaya kusa, sai kukan karnukan daji. Ranar Juma'a in ba aiki nakan yi tuƙi mai nisa don kawai in tsaya a sahu in ji kafaɗar wani.

Abin da ya rage shi ne AC, don batir ɗina ba zai ɗauke ta ba sai an jona da wutar wurin faka. Na riga na auna inda za ta zauna a bangon gaba. Aikin nan zai ƙare ƙarshen wata, na gaba kuma can kudu ne, inda zafi ya fi nan, don haka Asabar ɗin nan zan sake ɗaukar zarto.